Jan Fitilar Baba Mai Hoto

"Ƙara murya, ban ji ba," in ji ƙanwar mijina. Na ɗauke ƙafa daga keken ɗinki, matan da ke shagona suka sunkuyo kan wayar.

Muryar namiji ce, amma an murɗa ta, tana fitowa kamar daga cikin tanki. Ya ce shi tsohon ɗan ƙungiyar asiri ne da ya tuba, ba zai faɗi sunansa ba don kada su kashe shi. Ya ce akwai wani tsoho da ke kai musu hotunan mutane. Yana da ɗaki mai jan fitila, yana shanya hotuna a igiya, duk wanda aka kifa hotonsa, kwanansa ya ƙare.

Ba a ambaci suna ba, amma duk muka kalli koriyar ƙofar da ke tsallaken titi. Baba Mai Hoto ne ya ɗauki hoton kusan kowa a layinmu. Tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai, da hawan jininsa.

"Wa ya turo miki?" na tambayi mai wayar.

"Wata ce a gurup ɗinmu."

"Ita wa ya turo mata?"

"Ke dai Anti, mutum ya sayar da ransa ya tona asiri, kina tambayar wa ya turo?"

"Jan fitilar nan fa duk mai wankin hoto yana da ita," na ce. Amma bakina ne kawai ya faɗa. Hoton 'yata yana hannunsa.

Da maigidana ya dawo daga tuƙi na kunna masa. Bai kai ƙarshe ba ya miƙo min wayar.

"Na ji wannan muryar a wata tasha, can nesa. A can cewa ya yi mai sayar da magani ne, ba mai hoto ba. Ko tarin da yake yi a tsakiya iri ɗaya ne."

"To ka gaya wa mutane mana."

Ya gaya musu a majalisa. Wani ya ce ai ƙungiyar ce ke da rassa ko'ina. Wani ya tambaye shi nawa aka ba shi. Ya shigo gida jiki a sanyaye, ya ce in daina leƙa titi.

Daga nan layi ya canja. Yara suka daina bi ta gefen koriyar ƙofar. Mai shago ya riƙa ajiye wa Baba canjinsa a kan kanta don kada hannunsu ya haɗu. Da ɗan ƙanwar mijina ya kwanta da zazzaɓi, kafin la'asar labari ya zaga cewa an kifa hotonsa.

Washegari da hantsi na ji dutse ya faɗa kan kwano. Samari sun cika ƙofar Baba, wasu da sanduna. Na fito.

Ya buɗe da kansa, da singileti, rungume da kwali.

"'Ya'yana, lafiya?"

"Fito mana da hotunanmu!"

"Ga su nan. Wallahi waɗanda ba a zo karɓa ba ne. Kai, ba ni na ɗauke ka hoto ranar da ka gama makaranta ba?" Ya juyo ya hango ni. "'Yata, me aka ce na yi? Ba wanda ya gaya min."

Kafin in buɗe baki, kwalin ya suɓuce. Gefen fuskarsa ya karkace, ya dafa ƙofa, ya sulale ƙasa.

Samarin suka ja da baya. Wani ya ce, "Kun gani? 'Yan ƙungiyar sun kama shi." Maigidana ya ratsa su ya tallafe shi, ya ƙwalla min kira in nemo maganinsa.

Haka na shiga ɗakin wankin hoton, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ƙura ce ko'ina, da tsofaffin robobin wanki a kife. Ƙwan fitilar ma babu, sai wayar lantarki tana reto. A falo na tarar da injin buga hoto na zamani, maganin yana kansa.

Bai sha ba. A hanyar asibiti ya cika, kansa a cinyar maigidana.

Zazzaɓin yaron ya sauka bayan allura. Uwarsa ta ce don tsohon ya mutu ne. A makon nan aka sake turo min muryar, wannan karon wai wata ungozoma ce a wata unguwa. Na saurara har wurin tarin, yana nan yadda yake.

Da yamma na tsallaka na leƙa ta katangar gidan Baba. Ashe da safen ranar da ya rasu ya yi wanki. Rigarsa fara tana kan igiya, ta bushe har ta yi tauri, abin matse ta na gefe ɗaya ya fita, hannunta yana taɓa ƙasa.