Tsibiri a Cikin Daro

"Ranka ya daɗe, ba zan daina ba," na ce wa Malam Datti, shugaban makarantar da nake koyarwa a Makarfi.

Ya zare tabarau ya dube ni. "Malama Raudatu, iyaye mata huɗu ne suka zo ofishin nan da ƙara. Mahaifiyar Hussaina ta tashi dama kunu, ta tarar an juye mata tsamiyarta a ramin laka. Ki rubuta darasinki a allo kamar kowa."

Ga abin da ya faru. Na gina wa 'yan ajina ɗan tudun laka mai rami a ka, na zuba kanwa, na tsiyaya ruwan tsamiya. Kumfa ta taso ta malalo. Na ce musu haka narkakken dutse yake yunƙurowa daga cikin ƙasa, ya malala, ya huce ya daskare, wani ya zo ya hau kansa, har a sami tsauni. In a ƙasan teku ne, ya yi ta taruwa sai ya leƙo saman ruwa, ya zama tsibiri. Da aka tashi, kowace yarinya ta je gida ta gina nata.

"Ni ina ɗaliba shekara uku ana rubuta min shi a allo ban gane ba," na ce wa Malam Datti. "Su rana ɗaya suka gane. Kanwar ma daga gidanmu zan riƙa kawowa."

"To, ki kai ta ƙauye," in ji shi.

Mako biyu bayan nan aka mayar da ni wata 'yar makaranta a yankin Dandamisa. Ban roƙi kowa ba.

A can muka cika daro da ruwa. Kullum da safe yarinya ɗaya za ta ɗora cokalin laka a tsakiya. Rana ta goma sha tara Firdausi, mafi ƙanƙanta a ajin, ta ƙwala ihu: "Malama, ya leƙo!" Kakarta ma ta zo gani, ta ce, "Wannan ne tsibirin? Ko kaza ba za ta tsaya a kai ba." Washegari ta aiko min da kanwa a ƙulle cikin leda.

Ina jin daɗin wurin. Amma da damina babur ba ya shiga, da ƙafa nake ƙarasawa, takalmi a hannu. Su Hussaina kuma, da na yi rainonsu tun aji ɗaya, sun gama makaranta ba ni a wurin.