Ɗan Wa Ne Damisa?

Shekara arba'in Kaka ya yi yana gyaran agogo, har idonsa ya fara gaza ganin ƙananan sukurori, ya rufe shago ya dawo gidan 'yarsa. Da teburin aikinsa ya taho, aka ajiye masa a falo kusa da taga. 'Yar tasa ma'aikaciyar jinya ce, ko ranar Asabar fita take yi, don haka shi ake bar wa jikarsa, yarinya 'yar shekara tara da kowa ke kira Shalele.

Ran nan da safe uwar tana sa takalmi tana jero masa doka.

"Baba, gem ɗin nan na kwamfuta awa ɗaya ne, bayan ta gama aikin makaranta. A falo za ta yi. Kuma kada ta yi magana da wanda ba ta sani ba."

"Wa zai shigo? Ai ƙofa a rufe take."

"A cikin gem ɗin nake nufi."

Ya ce to, don ya ga tana sauri, amma bai gane yadda mutum zai shiga cikin kwamfutar hannu ba.

Ƙarfe sha ɗaya Shalele ta haye kujera da kwamfutar. Kaka yana kwance wani tsohon agogon bango sai ya ji ta ƙwala ihu.

"Wayyo, an kashe ni!"

Sukundireba ta faɗi daga hannunsa. Ya juyo, ya gan ta garau tana kaɗa ƙafa.

"Ke, wa ya kashe ki?"

"Kada ne a kogi. Sau uku ke nan yau."

"Sau uku kika mutu yau, kuma ba ki gaya wa kowa ba?"

"Kai Kaka, ba ka san komai ba."

Sha biyu na bugawa ya ce lokaci ya yi. Ta ce ba za ta iya tsayawa yanzu ba, ƙawarta 'yar ajinsu tana cikin kwalekwale tare da ita, in ta fita yarinyar za ta nutse. Kaka ya tsaya da hannu a miƙe. Dokar awa ɗaya ce, amma ba a gaya masa abin da zai yi in 'yar mutane tana tsakiyar ruwa ba. Ya jawo kujera ya zauna har suka kai gaɓa.

Tsibiri ne, da gona da garken tumaki da wani farin doki a ɗaure. Duk ita ta gina, in ji ta. Ta lissafa masa katako nawa gadar da ta gina ta ci, har ya ji abin ya burge shi.

"Riƙe mini in je banɗaki. Kada ka taɓa komai."

Tana fita rubutu ya fito a ƙasan allon. Ya ɗauko gilashin aikinsa ya kara a ido. Wani ne mai suna Damisa. Ya rubuta: Kin ji daɗin dokin da na ba ki? Wace makaranta kike? Turo mini hotonki. Kada ki gaya wa mamanki, za ta hana ki gem.

Kaka ya karanta sau biyu. Da ta dawo ya nuna mata.

"Wane ne wannan?"

"Abokina ne. Shekararsa sha biyu."

"Ɗan wa ne?"

Ta ɗaga kafaɗa.

"A ina gidansu yake? Kin taɓa ganinsa?"

"Ga shi nan ai." Ta nuna wani ɗan mutum mai kan damisa da jar riga, yana tsaye a bakin gonarta.

"Wannan zane ne, Shalele. Shi kansa nake tambaya."

"To ai shi ne!"

Kansa ya ɗaure. Ya kira uwar a waya, ya karanta mata saƙon. Ya ji ta ja numfashi. Ta ce tana kan majinyaci, amma kada ya goge komai, ya danna ɗigo ukun nan da ke sama ya toshe mutumin. Kafin ya tambayi wane sama, ta kashe.

Ɗige-ɗige sun fi goma a allon. Ya zaɓi wanda ya fi kusa da yatsansa, wani abu ya yi ja.

"Kaka, ka buɗe magana! Yana jin ka!"

Tun da ana jin sa, sai ya gyara murya.

"Salamu alaikum. Ni ne kakan yarinyar nan. Kai ɗan wa ne? Me za ka yi da hotonta?"

Ba a amsa ba. Sai wani ɗan shuuu, kamar ana numfashi, ko kuwa fanka ce. Can mai kan damisar ya ɓace ɓat daga bakin gonar.

Shalele ta fashe da kuka, wai ya kore mata aboki, kuma yanzu za a ƙwace dokin. Kaka ya duba, doki na nan a ɗaure. Ya rasa ko haƙuri zai ba ta ko faɗa zai yi. Ya kife kwamfutar a kan teburinsa ya ce su je su ci abinci.

Da yamma uwar ta dawo, ko kayan aiki ba ta cire ba ta zauna tsakaninsu. Ta ɗauki hoton saƙon, ta toshe Damisa, ta aika ƙararsa ga masu gem ɗin. Sannan ta buɗe jerin abokan Shalele. Mutum arba'in da ɗaya.

"Wallahi Baba, na ɗauka ita kaɗai take wasan nan da 'yan ajinsu."

Ba ta yi faɗa ba. Ta rungumo yarinyar ta ce duk wanda ya ce a ɓoye wa Mama abu, shi ne za a fara kawo wa Mama. Suka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, a kowanne Kaka yana tambaya ɗan wa ne. In Shalele ta faɗi ajinsu ko gidansu, a bar shi. In ta yi shiru, a cire. Bakwai suka rage. Uwar ta rufe hanyar magana da baƙi, ta ce daga yau in saura minti goma awa ta cika Kaka zai sanar da Shalele, don ta samu ta fito da mutane daga kogi.

Da Shalele ta tafi wanka, Kaka ya rage murya.

"Yanzu shi Damisan nan, yaro ne ko babba?"

"Ban sani ba, Baba. Babu yadda za mu sani."

"In yaro ne fa? Na tsorata ɗan mutane ke nan."

"In yaro ne, ya koyi kada ya sake tambayar hoton kowa."

Ya jinjina kai, amma abin bai zauna masa ba. Mutumin da ya yi wa sallama bai amsa ba, ba shi da fuska, ba shi da uba.

Washegari Shalele ta yi masa nasa ɗan mutum, mai furfura da sanda, ta ce shi ne mai gadin gonarta. Ya danna gaba, tsohon ya nufi katanga ya manne da ita yana ta tafiya a wuri ɗaya. Ta yi dariya har da faɗuwa daga kujera.

"Juya shi mana, Kaka!"

"Ina juyawa. Shi ne ba ya jin magana."