Gurbi Ɗaya, Yara Biyu

Da aka kawo shirin karatu kyauta don 'ya'yan marasa ƙarfi, gurbi ɗaya tal aka ba kowane gida. Shi kuwa wani kafinta tagwaye gare shi, Babba da Ƙarami, kamar an tsaga kara. Ina uban da zai ɗauki ɗaya ya bar ɗaya? Sai ya yi irin dabarar da ya saba, ta fitar da kujera biyu daga katako guda. Ya sa aka rubuta sunan Babba, ya ɗinka rigar makaranta ɗaya. Yau wannan ya je aji, gobe wancan, wanda ya je ya dawo ya biya wa wanda ya wuni a shago. Shekara uku ana haka, kafinta har yana ganin ya fi kowa wayo.

Wata Laraba sai ga malamar ajin da kanta a bakin shago, tana kaɗe garin katako daga mayafinta.

"Malam, yaron nan naka ya ɗaure min kai," in ji ta. "Yau lissafi kamar ruwa, gobe ko ɗebewa ta gagare shi. Lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Ba ta rufe baki ba yaran suka fito daga bayan wani kabad, ɗaya da riga, ɗaya da gwangwanin ƙusa. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta nemi benci ta zauna.

Kunya ta kama kafinta. Ya faɗa mata komai, yana ta murza fensirin da ya zaro daga bayan kunne.

"Haba Malam! Da ka zo mini tun farko, ai da na yi ta bin ofis har a ƙara gurbi. Yanzu an rufe rajistar jarrabawar shiga sakandare. Makon jiya aka ɗauki zanen yatsa. Wane ne ya dangwala?"

Babba ya ɗaga hannu a hankali, idonsa a ƙasa.

"Mai lissafin fa?"

Kafinta ya nuna ɗayan. Ƙarami dai ya ƙara ƙanƙame gwangwanin.

Malama ta ce ita ba za ta kai ƙara ba, amma ba za ta ci gaba da ƙarya ba. Daga gobe mai yatsa kaɗai zai shiga aji, ta ga ko za ta iya cike masa rabin karatun da ya rasa. Ɗayan kuwa babu shi a kowace takarda, kuma shekarunsa sun wuce na shiga shirin.

Bayan ta tafi, kafinta ya ji ya tsani kansa, ya tsani wayon nasa. Ya ɗauki katako ya auna, ya sake aunawa, bai ma san abin da yake aunawa ba.

"Baba," in ji Ƙarami, "gobe fa ranata ce. In wanke rigar?"

Kafinta bai iya kallonsa ba.

"Wanke wa ɗan'uwanka," ya ce. "In ka gama, ka zo ka riƙe min nan."