Wasiƙar Likita Munji

"Hannu da hannu aka ce," in ji Balgasim. Ya mayar da ambulan aljihu.

Matashiyar likitar da ke riƙon asibitin unguwa ba ta janye hannunta ba. "Baba, Likita Munji ya tafi ƙauye girbin zaitun, sai bayan mako biyu. Ni ke duba mutanensa. Kawo in karanta."

"Sunanki ne a jiki?"

"A'a, amma..."

"To."

Ya fita abinsa.

Maƙwabcinsa Tayib ne aka sallamo daga babban asibitin birnin Safakis bayan ciwon zuciya, da sababbin ƙwayoyi da wasiƙa a manne zuwa ga likitansa, Munji. Tayib ba ya iya tafiya, matarsa Mubaraka gwiwa ta hana ta. Sai ya damƙa wa Balgasim. Shi kuwa Balgasim tunda yake bai taɓa ba da amana ga wanda ba mai ita ba.

Kullum da la'asar yakan tarar da Tayib a tsakar gida, ƙwayoyi jere a faranti, na Munji a dama, na asibiti a hagu.

"Duka kake sha?"

"Wa ya ce in daina? Likita biyu ai sun fi ɗaya, tsohon jaki."

"Jakin dai ya fi ka lafiya."

A kwana na tara, Tayib ya yi haɓo da ya ƙi tsayawa. Ya ce zafi ne. Bayan kwana biyu ya faɗi a wurin alwala. Da azahar aka kai shi makwancinsa.

Ran uku Munji ya zo gaisuwa. Balgasim ya tare shi a ƙofa, ya miƙa masa wasiƙar. Likitan ya buɗe a tsaye, ya karanta, ya ninke.

"Me ta ce?"

"Baba, kwana ne ya ƙare."

"Na ce me ta ce?"

Munji ya dubi ƙasa. "A dakatar da maganin tsinka jini da nake ba shi. Sabon ya maye gurbinsa. Ba a haɗa su."

"Daga yaushe?"

"Daga ranar da aka sallame shi."

Balgasim ya koma rumfar makoki, ya zauna a kujerar ƙarshe. Aka ajiye masa kuskus. Har aka kira la'asar, cokalin na tsaye a cikin kwanon.