Hanyar Hawa Dutsen Kurciya

Duk ranar yawon Sallah, matasan Gummi da Anka sukan yi wa Dutsen Kurciya tsinke a kan babura. Su hau, su ci, su sha, su bar ledoji har bakin marmaron da ƙauye ke ɗiba. Da abin ya ishi dagaci, a shekarar 2012, sai ya roƙi Lirwanu, safiyo mai awon ƙasa da ya ajiye aiki ya dawo gida noma, ya tsara wurin: inda za a hau, inda za a zauna, da inda ƙafar baƙo ba za ta taka ba.

Lirwanu ya ji daɗi ƙwarai, don ya daɗe bai taɓa igiyar awo ba. Kwana huɗu yana zane. Ya miƙe hanya samɓal daga gindin dutse zuwa ƙololuwa, ya bi ta da turaku.

Yana buga na ƙarshe sai ga Inna Yalwa, tsohuwar da ke kawo nono daga ruga. Ta sauke ƙwarya, ta ƙare wa turakun kallo.

"Malam, wanga layi naka, tsuntsu ka yi ma shi?"

"Mutane dai, Inna."

"To ruwa ka bin nan. Damina guda ya zama kwazazzabo, yashi ya cike muna marmaro. Biyo ni."

Ya bi ta yana haki. Ta ɗauke shi ta wata siririyar hanyar awaki mai lanƙwasa, wadda ta kauce wa marmaro da burtalin shanu, ta ratsa inuwar kanya. Da suka kusa kogon da kurciyoyi ke ƙwai, ta yi masa alama ya rage murya. Sai ga su a sama, ba wanda ya dafa ƙasa. Lirwanu ya zauna ya yi ta dariyar kansa.

"Shekara talatin ina awo, Inna, yau awaki sun koya min aiki."

Ya sake zane. Aka yi gayya, maza suka jera duwatsu a wuraren santsi, aka ware wani faƙo nesa da ruwa don babura, aka yanka tsofaffin duro na zuba shara. Mata suka kama gindin tsamiya don fura da ƙosai.

Ranar Sallah dutse ya cika, masu hawa sun yi jerin gwano. Har Habsu matar Lirwanu, wadda gwiwa ta hana hawa tun aurensu, ta ce sai ta gani da idonta. Sau uku ta huta. Da ta kai sama ta tsaya tana kallon gonakin gero har inda ido ya tsaya. Can sai ta damƙi hannun rigarsa.

"Malam, wancan ba gidanmu ba ne? Ka bar ƙyaure buɗe! Ga akuyar maƙwabcinmu Rabe cikin shanyar wakena!"

"Bar ta ta ci," in ji shi. "Ita ma Sallah take yi."