Kunnen Ƙarfe Mai Huji Uku

Auta yana kwance a ƙarƙashin motar yana ɗaure noti na ƙarshe, sai ya ga takalman Kawu sun zo sun tsaya a kan zanen allinsa.

"Kawu, layina kake takawa."

"Af, yi haƙuri, Injiniya. Na ɗauka kaji ne suka yi tono."

Zanen ya cinye rabin daɓen garejin. Motar ta yayarsa ce, ungozoma a wani ƙaramin asibiti da ke bayan duwatsu, inda hanya ba ta da suna sai ramuka. Sau huɗu sifirin ɗin baya, ƙarfen da ke rage wa mota bugun rami, irin mai ganye-ganyen nan, ya karye mata a shekara guda. Na ƙarshen da mai naƙuda a kwance a baya, kuma a gefen hanya aka haihu. Ranar da aka jawo motar, Auta ya ce shi ba zai sake liƙa ganye ba. Zai cire su gaba ɗaya, ya sa sifirin mai naɗi mai laushi, ya riƙe aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin biyu, da sanduna huɗu: biyu dogaye a ƙasa, biyu gajeru a sama masu haɗuwa kamar bakin almakashi, don kada ƙafafun su zame gefe.

Yaya ta ba shi mako uku, ta ari motar wata abokiyar aikinta. Gobe da safe za ta mayar da ita. Kawu, mai garejin, bai hana ba. Ya dai shafa wa tsofaffin sifirin ɗin baƙin mai, ya jingina su da bango inda kowa zai gani. Sharaɗin ɗaya ne: in Yaya ta tuƙa ta ce a'a, a yanke aikin Auta a mayar da su.

Sau ɗaya Kawu ya sa hannu a aikin. A makon farko ya yanka masa kunnuwan ƙarfe biyu, waɗanda ake liƙawa a jikin shasi, ƙashin bayan motar, don su riƙe kan dogayen sandunan. Kowanne ya yi masa huji uku a jere, sama da tsakiya da ƙasa, yadda yake yi wa duk abin da ya ƙera tun kafin a haifi Auta.

"Sauran huji biyun na mene ne?" in ji Auta.

"Na ko-ta-kwana."

"Wanda ya auna daidai, huji ɗaya ya ishe shi, Kawu."

Auta ya yanka nasa ƙanana, masu tsabta, huji ɗaya-ɗaya. Na Kawu kuwa aka ɗora ɗaya a kan ɗaya aka tokare ƙofar garejin da su, don dama ƙofar ba ta tsayawa a buɗe da kanta.

Jiya Auta ya gwada motar shi kaɗai a tsohuwar hanyar masu fasa dutse. Ta bi ramuka kamar tana taka katifa. Da ya dawo ya wanke ta har tayoyi.

Da hantsi Yaya ta iso. Ta zagaya motar sau ɗaya, ta leƙa ƙasa, ta miƙe.

"Ta yi tsayi," ta ce. "To, a loda."

"A loda me?"

"Kayana mana, Auta. Ko ka ɗauka yawon shan iska nake zuwa?"

Aka kwaso daga motar aron: akwatin sanyi na magunguna, jarka huɗu cike da ruwa, tukunyar iskar numfashi, taya ta biyu, da ɗan gadon ƙarfen da ake kwantar da mara lafiya. Sannan Yaya ta fita bakin titi ta kirawo mai faci da matarsa, da mai fenti na kusa da su.

"Mai naƙuda ba ta zuwa ita kaɗai," ta ce. "Uwa na nan, uwar miji na nan, ga wata gwaggo da ba wanda ya gayyace ta. Kai mai fenti, kai ne uwar miji."

"Ni dai kada a ce in kama jariri."

"Da wannan hannun naka? Sai ya fito shuɗi."

Auta yana tsaye a gefen tayar baya. Kowace jarka aka ɗora, sai ya ga tazarar da ke tsakanin taya da jikin mota ta ragu. Da matar mai faci ta hau, ya sa yatsunsa a wurin ya auna. Ya cire hannun ya sa a aljihu.

"Injiniya, gadonka na jira," in ji Kawu.

Dokar garejin ce: wanda ya yi wa mota aikin ƙafa, shi zai fara kwanciya a bayanta. Auta ya hau ya miƙe a kan gadon, yana kallon rufi. Kawu ya zauna gaba kusa da Yaya.

Suka fara bin kwalta. Da suka sauka kan tsakuwa, matar mai faci ta ce, "Kai, wannan ai ko kofin ruwa ka riƙe ba zai zube ba." Auta ya lumshe ido. Gaskiya ta faɗa, gadon yana lilo a hankali, babu bugun nan da ke shiga ƙashin baya.

Sai suka kai wurin da ruwa ya zaizaye gefe ɗaya. Tayar hagu ta hau dutse, ta dama ta faɗa rami. Auta ya ji ƙafafunsa sun tafi gefe, kansa bai bi su ba. Yaya ta murɗa sitiyari ta gyara. A rami na gaba bayan motar ya sake zamewa, wannan karon ɗaya gefen.

"Direba, gaba muka nufa ko gefe?" in ji mai faci. "Motar ta koma kaguwa."

Ba wanda ya yi dariya sai mai fenti, shi ma ya haɗiye. A kan hawan da hanya ke rage faɗi, da gangare a hannun dama, Yaya ta taka birki, ta ja na hannu, ta kashe inji.

"Kwanciya dai ta yi daɗi," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Amma tana yi mini gardama. Ina nuna mata nan, bayanta na nufar can. Akwai wuri a hanyarmu da faɗinsa bai wuce na motar da taku ɗaya ba. Ba zan bi da 'yar mutane ta wurin a haka ba."

Auta ya sauko. "Kowa ya zauna inda yake," ya ce, ya kwanta a kan tsakuwa ya shige ƙasa.

A zanensa dogayen sandunan a miƙe suke, daidai da ƙasa. Haka ma suke jiya. Yanzu nauyi ya danne jikin motar, kawunansu na gaba sun sunkuya da kamar yatsu uku. Sanda in ta sunkuya haka, duk sa'ad da taya ɗaya ta hau sai ta tura aksul ɗin ya karkace, ƙafafun baya su ɗauki tasu hanyar. Ya san wannan. Ya karanta, har ya zana shi a gefe da jan alli.

Takalman Kawu suka zo suka tsaya kusa da kansa.

"Motar wa ka auna, Injiniya?"

"Ta Yaya."

"A'a. Ka auna motar da ba kowa a ciki. In ba a garejinmu ba, a ina ka taɓa ganinta ba kowa?"

Auta ya sake duban sandunan. Yana lissafi. In ya sa sifirin mai tauri motar ba za ta zauna ba, amma bugun zai dawo, aikin ya tashi a banza. Abin da ake bukata shi ne a ɗaga kan sandunan da yatsu uku. Ya shafa kunnen da ya yanka. Saman hujin babu sauran ƙarfe ko na yatsa ɗaya, don da gangan ya zagaye shi da giranda, injin goge ƙarfe, ya yi kyau. Farantin ƙarfe mai kaurin kuma ya ƙare, kafin a samo a yanka a huda, yini ya tafi.

Suka koma a hankali. A bakin gareji Yaya ta ajiye makulli a kan bonet.

"Ƙarfe shida na yamma zan zo," ta ce. "Ko taka ko ta Kawu, ni dai wadda za ta je inda na nuna mata. Ku bar kayan a ciki."

Ta tafi. Kawu ya jawo kujerarsa kusa da bango, ya ɗauki tsumma, ya fara goge ɗaya daga cikin tsofaffin sifirin ɗin, ganye bayan ganye, ba ya sauri.

Auta ya daɗe tsaye a kan zanensa. Tayoyin motar sun riga sun share rabinsa. Daga baya ya taka zuwa ƙofa, ya sunkuya ya ɗauki kunnuwan nan biyu. Tsatsa ta fara cin su, an kuma ɗiga wa ɗaya fenti. Ya ɗora yatsunsa tsakanin hujin tsakiya da na sama. Uku ne, har da ɗan ragi.

Ƙofar da aka cire wa tokari ta juyo a hankali tana ƙara, ta rufe. Garejin ya yi duhu.

"Mai faci," in ji Auta cikin duhun, "kada ku tafi. In na yanke nawa na ɗana waɗannan, za ku sake hawa ku zauna in auna."

"Mu da muka zama buhunan siminti. Uwar miji, kin ji," in ji mai faci.

"Wane hujin za ka sa?" Muryar Kawu ce daga wajen bango.

Auta ya juya ƙarfen a hannunsa. "Zan fara da na sama."

"Za ka fara," in ji Kawu.

Aka ji kujera ta motsa, sannan ƙarar ƙarfe mai nauyi ana jan sa a kan daɓe. Kawu ya tura ƙofar da kafaɗa, haske ya shigo. Ya kwantar da tsohon sifirin ɗin a gindinta, ya taka shi da ƙafa ya ga ya zauna, sannan ya tafi kunna injin walda.