Ba A Sauke Ƙwarya A Daji

Malamin wasanni bai gama cire usur daga bakinsa ba, samari arba'in da wani abu suka kwasa kamar an ce kasuwa ta kama wuta. Sulle ne a gaba, dunduniya na taɓa ƙeya, idanu jawur, yana ihu a ba shi hanya alhali babu kowa a gabansa. Mijinyawa kuwa, da ka gan shi sai ka rantse aikensa aka yi sayo gishiri, kuma ba a ce ya yi sauri ba.

"Kai Mijinyawa! Gudu aka ce, ba rakiyar amarya ba!" in ji mai shayin bakin tasha.

"Amaryar ce ta ce a tafi a hankali," ya ce, ya ɗaga masa hannu.

Gudun famfalaki ne na bikin 'yancin kai, shekarar 1989. Kilomita ashirin da ɗaya: daga Karaye a miƙe hanyar Rogo, a zagaye wani durom da aka kafa a tsakiyar titi, a dawo. Na ɗaya keke zai samu, sabo fil da ledarsa. Kowa keken ya hango. Shi Mijinyawa abu ɗaya ya kawo shi: ya je ya dawo da ƙafarsa, ba tare da ya haɗiyi ƙwaya ba.

* * *

Shekara bakwai ya yi yana ƙwadago. Ranar da ya fara, a gonar Alhaji Maikuɗi can wajen Jajaye, da hantsi aka kawo musu kunu a bokiti. Ya sha ludayi uku, ya ji ɗan ɗaci a maƙogwaro, ya ce da na kusa da shi matar Alhajin nan ba ta iya dama kunu ba. Tsofaffin 'yan ƙwadagon suka kwashe da dariya, ba wanda ya gaya masa ƙwaya aka zuba a ciki. Ranar nan noman mutum uku ya yi. Bai ji rana ba, bai ji yunwa ba. Daga baya ma ba sai mai gona ya wahalar da kansa ya zuba masa a kunu ba. Da ƙafarsa yake zuwa wurin Maiturare, wanda saman tirensa kwalaben turare ne, ƙasan kuma abin da ya fi turaren ciniki. 'Yar ja suke ce wa ƙwayar.

A farkon daminar bana abin ya kai ƙarshe. Ya nome wata gonar gyaɗa tas, ciyawar da gyaɗar duka, sannan ya tsaya yana zagin wata bishiyar kuka, wai ta harare shi. Goggo Hajo, ƙanwar babansa da ta raine shi, ita ta zo ta kama shi a wuyan riga ta ja shi rugarsu. Sati uku yana makyarkyata a ɗakinta, tana ɗura masa kindirmo yana dawo da shi, tana sake ɗurawa. Yau wata huɗu rabonsa da 'yar ja.

Sai dai jiki ya warke, baki bai bar shi ba. Sulle, abokin fartanyarsa tun suna yara, shi ya faɗi wadda ta zauna masa. "Kai ka taɓa noma? 'Yar ja ce ke noma, kai riƙe mata fartanya kake yi." Aka yi ta dariya, shi ma ya yi, don ba a taɓa kayar da shi a teburin shayi ba. Amma da ya koma gida sai ya kasa cin tuwo. In da gaske ne fa? In duk ƙarfin nan na aro ne?

Jiya da la'asar ya samu Goggo tana wanke ƙore, ya tsugunna.

"Goggo, ke da kike yin hanyar nan kullum da nono a ka, ba kya gajiya ne?"

"Ni jaka ce? Ina gajiya mana."

"To ya kike yi har ki kai Karaye?"

"Ni ba na zuwa Karaye."

"Innalillahi. Goggo, tsufan ne ya fara?"

Ta sakar masa maburgi a ƙeya. "Ɗan banza. Bukkar maƙeri nake zuwa. In na kai bukkar, in tafi gada. In na kai gada, in tafi tsamiya. Karaye da kanta take zuwa ta same ni. Kuma da safe ba na sauri, ko da ƙafa tana roƙona. Yarinyar da ta wuce ni a gada, a tsamiya nake samunta tana kuka."

Ta kife wata ƙwarya a kan dutse. "In wuya ya fara ciwo, akwai wani da ke magana a cikin kan mutum. Sauke ki huta, sauke ki huta. Kar ka yi gardama da shi, ya fi ka baki, kai ɗin nan ma. Ce masa to, na ji, bari mu kai can. In kun kai, ka nuna masa wani can ɗin."

"Ashe ku ma 'yan damfara ne."

"Saurara. Ƙwaryar da ta cika, mutum biyu ke ɗora ta. Ka sauke ta a daji inda ba kowa, kai da ita kun zauna ke nan har rana ta lalata nonon. Shi ya sa ko wuya zai karye ba ma saukewa sai inda muka ga mutum."

* * *

Haka ya yi. Bai nufi durom ba, tsamiya ya nufa. Dawa ta yi kai hagu da dama, ba iska ko kaɗan, takalmin robarsa na ɗan manne wa kwalta. Kafin ya kai gada sai ga mai maganar nan ya iso, kamar yadda Goggo ta ce. Mijinyawa har suna ya raɗa masa.

"A'a, Malam Sauke, sannu da zuwa. Ya iyali?"

Ɗan tsaya mana, ko minti ɗaya.

"Gaskiyarka. Bari mu kai wurin jan san nan."

Da suka kai wurin jan sa, ya ce ai ba wannan yake nufi ba, wancan ne na gaba. Wani mai kiwo da ya ji shi yana hira shi kaɗai ya girgiza kai, ya ce Allah ya shirya, yaron nan ya koma wa 'yar ja.

Daga bukkar maƙeri ya fara tsintar jama'a. Wannan ya riƙe ciki yana amai. Wancan ya zauna a kan dutsen kilomita yana kallon ƙafarsa kamar yau ya fara ganinta. Mijinyawa na wucewa yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, "Sannunku da hutawa, a gai da gida." Ya zagaye durom, malamin da ke wurin ya shafa masa shuɗin alli a riga, ya juyo. Numfashinsa ya daidaita da takunsa, biyu ciki, biyu waje, kamar ana kaɗa nono. Gwiwa na zafi, ya ce mata ita ma ta bari a kai can.

Saura kamar kilomita biyar, mutum biyu kawai ke gabansa, ya hango wani abu kwance a gefen titi. Sulle ne, rub da ciki a kan kwalta mai zafi, kumfa a baki. Gabas dawa, yamma dawa, babu ko akuya.

Daji ne. Ya san daji ne. Ya wuce shi da taku uku, huɗu, sannan ya yi tsaki ya dawo.

"Tashi, shege, a nan za ka mutu ka ja mini zaman makoki?"

Ya kama shi ta hammata, ya ja shi inuwar wata ɗorawa, ya cire rigarsa yana yi masa fifita. Can Sulle ya buɗe ido. Mijinyawa ya ce alhamdu lillahi, ya yunƙura zai tashi. Ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Cinyoyin sun ɗaure tamau kamar an zuba musu siminti. Ya sake gwadawa, ya koma ya zauna daɓas.

Sulle ya lalubi ƙugun wandonsa, ya ciro wata 'yar takardar sigari a nannaɗe, ya danna masa a tafin hannu.

"Saura ɗaya. Haɗiye. Minti biyar ka tashi. Keken nan naka ne, wallahi na gaban ma sun kusa faɗuwa."

"Kai da ta kayar, kai ne kuma dillalinta?"

"Uku na sha, shi ya sa. Ɗaya ba ta komai. Wa zai sani?"

Malam Sauke ya sauya murya. Yanzu ba hutu yake nema ba. Haɗiye, haɗiye. Mijinyawa ya ɗaga kai yana neman wata bishiya da zai ce masa bari mu kai can, sai ya tuna mai zaune ba shi da can. Yawu ya taru a bakinsa. Tsohon ɗacin nan ya dawo masa a maƙogwaro tun bai kai ta baki ba. Masu gudu biyu suka wuce, sannan wasu biyu. Ya dunƙule hannun.

Sai ya ji ƙarar awarwaro. Mata biyar suka ɓullo daga wata 'yar hanya cikin dawa, a jere, ƙore a ka, za su tallan nono Karaye. Goggo Hajo ce a gaba. Ta tsaya a kansa, ba ta sunkuyo ba, idanu kawai ta sauke.

"Ɗan nan, me na ce maka jiya?"

"Goggo, mutum ne ya faɗi."

"Na gan shi ai, ba makauniya ba ce ni. Turai, Sauda, ku sauke guda, ku ba wa wannan ya sha, ku jiƙa masa kai." Mata biyu suka kama ƙwarya ɗaya suka sauke tare. Goggo ta miƙo masa hannu. Ya miƙa na hagu.

"Ni za ka ba hagu? Wancan."

Ya dube ta. Ta dube shi. Ba a kama hannun mutum da dunƙulallen hannu. Ya buɗe yatsun, 'yar takardar ta faɗi cikin yashi, Goggo ta ɗora takalminta a kai ba ta ko kalli wurin ba. Ta finciko shi da hannu ɗaya, tsohuwar da ta haura sittin, ƙwarya cike a kanta, ko ɗigo bai zuba ba.

"Ina za ka?" ta ce.

"Karaye."

"Ƙarya kake."

Ya yi dariya, hawaye na zuba. "Gada."

"To tafi."

Takun farko kamar an soka masa allura. Na goma ɗin da sauƙi. Ya kai gada, ya nuna wa Malam Sauke tsamiya. Ya kai tsamiya, ya nuna masa wani keken shanu. Daga nan sai rufin kwano ya fara ƙyalli, sai ihun mutane, sai ga Karaye ta zo ta same shi.

* * *

Na bakwai ya zo. Wanda ya ci keken, mutum biyu suka riƙe shi aka ɗauki hoto, kansa na lilo. Sauran duk a kwance suke a ƙasa kamar buhunan gyaɗa. Mijinyawa kaɗai ya shigo a tsaye, ba riga, yana tambayar ko an gama ne ko akwai zagaye na biyu. Aka yi ta tafi, ana bubbuga masa kafaɗa.

Ya samu inuwa ya cire takalmi. Tafin ƙafar duk ya tashi ruwa. Yana kallonsa yana murmushi shi kaɗai: nasa ne, ciwon ma nasa ne.

Wani ya tsugunna kusa da shi. Hammawa ne, tsohon ɗan ƙwadago mai furfura a gemu, 'ya'ya shida. Ya yi masa sannu har sau uku, ya tambayi Goggo, ya waiga hagu da dama, sannan ya rage murya.

"Ɗan'uwa, don girman Allah, wace iri ce? Na ga ba ta ja maka ido ba."

"Baba Hammawa, ban sha komai ba."

"Haba. Ni ma za ka ɓoye wa? Jibi muna da cirar gyaɗa a gonar Alhaji, kuma bayan nan nawa ya ƙi."

"Wallahi tallahi ban sha ba. Zauna ka ji."

Ya ba shi labarin tsamiya da gada, da yadda ake yaudarar Malam Sauke, har yana kwaikwayon muryarsa. Hammawa ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai cikin ladabi, bai yi dariya ko sau ɗaya ba.

"To, madalla," ya ce. "Na gode. Allah ya ƙara lafiya."

Ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Mijinyawa ya bi shi da kallo. Hammawa ya tsallaka titi. Maiturare, da ya hango shi tun daga nesa, har ya fara ɗaga saman tiren.